Akwatunan da Yanzu-Yanzu Ya Cire

Akwai wani direban motar kai kaya da ake yi wa laƙabi da Yanzu-Yanzu. Tun yana ƙarami sunan ya bi shi, don duk aiken da aka yi masa amsarsa ɗaya ce: "Yanzu-yanzu!" Ba shi da mugun hali, yana da kyauta da son iyaye. Jira ne kawai ba ya cikin jininsa. Shayi da zafinsa yake kurɓa, ya ƙone harshe, gobe ya sake. In kana ba shi labari, kafin ka kai tsakiya ya ƙarasa maka, ko daidai ko ba daidai ba.

Mahaifinsa tsohon mai gyaran wutar lantarki ne. Yawancin gidajen layinsu shi ya ja musu waya. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi, sai ya kife a wurin. Shanyewar ɓarin jiki ce, Allah Ya tsare mu. Ta taɓa ƙafar dama da hannun dama, ta kuma nauyaya masa harshe. Magana tana nan a ransa tsaf, amma fitowarta sai da ƙyar, kalma ɗaya, hutu, sannan wata.

Likitar motsa gaɓoɓi ta riƙe hannun, ta dubi Umma, matar Baba, ta ce, "Hannun nan in ana aiki da shi zai iya dawowa. In aka bar shi ya kwanta, yatsun za su naɗe su ƙage. In suka ƙage kuma ba mai iya buɗe su."

Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Suna isa gida Baba ya ture ta da hannun hagu, ta gangara ƙarƙashin gado.

"Ni... ba... jariri..." in ji shi.

"Ba jariri ba ne, mun ji, Baba," Yanzu-Yanzu ya ƙarasa masa, yana duba agogo.

Auta ce ta samo dabara. Ita ce ƙaramar 'yar Baba, tana aiki a wani gari mai nisa. Da ta zo dubiya ta taho da tsohuwar kwamfutarta, ta ɗora a kan teburin da ke gefen gado. A ciki akwai wani wasa da ake gina gari da tubala, gida bayan gida. Ta ƙara masa wani sashe mai kawo wutar lantarki, har da tashar wuta da turaku da wayoyi.

Ta ce, "Baba, wutar cikin nan tana da doka. Jar waya ita ce mai ƙarfi, daga tasha take fitowa. Fitilun gida farar waya suke sha. In ka haɗa ja da fitila kai tsaye, komai tarwatsewa yake yi. Dole ka sa wannan ɗan akwatin a tsakani, shi ke rage ƙarfin."

Baba ya ƙura wa akwatin ido. Gefe ɗaya ja, gefe ɗaya fari. Sai ɓarin bakinsa mai lafiya ya motsa. Tun da ya kwanta ba a ga murmushinsa ba sai ranar.

"Taran... sifoma," in ji shi.

Auta ta ɗauki hannun damansa ta ɗora a kan linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake turawa ana dannawa. Da gangan ta ajiye shi a dama, ta naɗe wayarsa yadda ba za ta kai hagu ba.

Da farko kafin ya danna sau ɗaya sai gumi ya keto masa. Bai daina ba. Watanni suka shuɗe, Baba ya gina layinsu a cikin wasan. Ga shagon tela, ga gidan mai burodi, ga gidan amininsa da ya rasu, har da bishiyar ƙofar gidan. Kowane gida ya ja masa waya kamar yadda ya ja a zahiri. Daga tasha wutar ke bi ta babban akwati, ta sauka zuwa matsakaici, ta sauka zuwa ƙarami, sannan ta shiga gida.

Yatsun suka fara sakewa. Har cokali ya fara riƙewa.

Gida ɗaya ne ya rage ba wuta, shi ne nasu. Umma kan leƙo da kofi a hannu ta ce, "Malam, halin dai bai canza ba. Shekara da shekaru makunnin kicin ɗina yana reto a bango kana gyara na mutane. Yanzu a cikin kwamfuta ma ni ce a duhu?"

Baba ya yi dariyarsa ta rabin baki. "Ha... ƙuri."

Yanzu-Yanzu yana zuwa kullum da rana, tsakanin kai kaya da ɗauko kaya. Ba ya kashe mota. Daga ɗakin ana jin injin yana kaɗawa a ƙofar gida.

"Sannu Baba, ya jiki? Da sauƙi ko? Alhamdu lillahi."

"Mi... ƙo... mini..."

"Ruwa? Ga shi."

Tabarau Baba yake so. Amma sai ya karɓi ruwan ya sha, don ya fi sauƙi a kan ya sake ɗauko maganar daga farko.

Wata rana Baba ya jawo hannun rigar ɗansa, yana nuna masa garin. Fitilu suna ci reras a layi. Yanzu-Yanzu ya sunkuya ya duba.

"Kai, Baba, ka yi aiki! To amma waɗannan akwatunan fa da ka jera? Sun cika hanya. Ga babbar waya nan a kusa da gidanmu, taku biyu ne."

Baba ya girgiza kai. "Ka... da... a..."

"Kada a bar gidanmu a baya, na gane. Za a yi." Wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana amsawa.

Ranar ganin likita ta zo. Yanzu-Yanzu ya kai Baba da Umma asibiti da safe, aka ce akwai layi, sai an jira. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya, ya ce wa Umma zai je ya dawo. Ya biya gida ɗaukar hularsa, sai ya ga kwamfutar a buɗe.

Niyyarsa mai kyau ce, wannan kam Allah Ya sani. Cewa ya yi a ransa, tsohon nan yana wahala da yatsa ɗaya, abin da zan gama masa kafin ruwa ya tafasa. In ya dawo ya tarar da kicin ɗin Umma na cikin wasan da haske, ai zai ji daɗi.

Ya ga yadda Baba yake yi, don haka bai sha wuya ba. Ya cire babban akwati. Ya cire matsakaici. Ya cire ƙananan da ke bakin layi, don wayar ta miƙe ɗoɗar. Ya kamo jar waya ya liƙa a farar da ta ratsa gidajen duka.

Allon ya yi fari fat. Sai ƙara, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana fasa tayoyi. Fitilar gidan mai burodi ta tashi da rufin. Gidan aminin Baba ya kama da wuta har bishiyar. Kafin ya gano inda zai danna, layin ya zama ramuka da hayaƙi. Ban da gidansu da bai kai ga haɗawa ba, shagon tela ne kaɗai ya tsira, don yana can ƙarshe a kan wata waya dabam.

Nan take ya kira Auta.

"Ke, yaya ake mayar da abin nan baya?"

"Wane abu? Yaya, me ka taɓa?"

Ya faɗa mata.

"Ba ya komawa baya," in ji ta. "Da kansa yake adana duk abin da aka yi. Na so in ware masa kwafi, ban samu yi ba. Yaya, wa ya aike ka?"

"Taimako na yi niyya."

"Ka tambaye shi?"

Ya kashe wayar, ya koma asibiti.

Da ya ɗauko su daga asibiti, Baba yana cikin fara'a, don likita ta yaba hannun. Aka zaunar da shi a bakin gado, ya jawo teburin da kansa.

Ya daɗe yana kallon allon. Ya tura linzamin a hankali, ya bi layin daga farko har ƙarshe, rami bayan rami. Ya tsaya a inda gidan amininsa yake.

"Baba, ni ne. Wallahi gidanmu na so in haɗa maka. Ka yi haƙuri, zan gyara, yanzu-yan..." Sai ya haɗiye sauran.

Baba bai dube shi ba. Ya sa hannun hagu ya ɗauke na dama daga kan linzamin, kamar mai ɗauke kayan wani, ya ajiye a cinya, ya ja bargo ya rufe.

Daga ranar bai ƙara fito da shi ba.

Ba faɗa, ba zagi. Da ma ya yi faɗan, da an samu abin kamawa. Abinci sai Umma ta ba shi a baki, shi da ya fara riƙe cokali. In an gaishe shi ya ɗaga kai. In ta zo da mai za ta murza masa yatsun, sai ya juya fuska bango ya matse hannun a jikinsa.

Yanzu-Yanzu ya rasa inda zai sa kansa. Ya sayo sabuwar ƙwallon roba, ta bi ta farko ƙarƙashin gado. Ya kwaso tsofaffin abokan aikin Baba, suka yi ta hira su kaɗai, suka tashi jiki a sanyaye. Auta ta kira ta bidiyo tana kuka, Baba ya kalle ta kawai.

Sai ya ce bari ya sake ginin da kansa. Ya ɗauki kwamfutar ya kai falo, ya cike wasu ramuka, ya tayar da wasu gidaje karkatattu. Wannan karon ya tuna da akwati. Ya sa shi a gaban shagon tela, amma ya juya shi, farin gefen yana kallon tasha. Maimakon ya rage wutar sai ya ƙara mata ƙarfi.

Shagon tela ma ya tafi.

Daga ɗaki Baba ya ji ƙarar. Umma ta ce ta ga ya runtse ido kawai.

Da aka koma asibiti, likitar ta zaro hannun daga bargo da lallashi. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe sun manne da tafi. Ta ja a hankali, Baba ya yi nishi.

"Waɗannan biyun sun fara ƙagewa," in ji ta. "In aka ci gaba a haka sauran ma za su bi."

Yanzu-Yanzu ya ce, "Likita, ba wata allura? Ba wani inji? Ko nawa ne..."

"Ina da abin da zan motsa hannu da shi. Ba ni da abin da zai sa mutum ya so motsa shi."

Da suka dawo ya sami Umma a kicin tana wanke kofuna. Makunnin nan yana reto a bango kamar kullum. Ya jingina da ƙofa.

"Umma, in gidajen ne, zan nemo wanda ya iya wasan ya gina masa irinsu sak."

Ta ci gaba da wanki. Can ta ce, "Kai a ganinka tubala yake wa makoki?"

"To mene ne?"

"Tun da ya kwanta, yaushe rabon da a bar shi ya kai ƙarshen magana? Ni ma ina yi, ba kai kaɗai ba. Tausayi ke sa mu, muna ganin yana wahala sai mu tare shi. A ba shi ruwa ba ya jin ƙishi, a rufa masa bargo yana jin zafi. Cikin garin nan ne kaɗai yake fara abu ya gama da kansa, ba mai cewa ya gane. Nan ɗin ma ka bi shi ka ƙarasa masa."

Idonsa ya cika. "To yanzu me zan yi?"

"Ban sani ba, ɗan nan. Da na sani da na yi tuni. Ni dai ina ta roƙon Allah."

Washegari da rana motar ta tsaya a ƙofar gida, sai aka ji injin ya mutu. Umma har ta leƙa ta taga, ta zaci lalacewa ta yi. Ya bar wayarsa a cikin motar, ya shigo, ya mayar da kwamfutar kan teburin gefen gado, linzami a dama. Ya ɗauko akwati ɗaya a cikin wasan ya tsayar da shi a gaban gidansu, bai ajiye ba.

"Baba, ban san yadda ake sa shi ba. Wane gefe ne ke kallon tasha?"

Baba yana kallon bango.

Ɗan ya jira. Ƙafarsa ta fara kaɗawa, ya danne ta. Umma ta kawo shayi, shayin ya huce a gabansa har ya yi sanyi. Aka kira salla, ya je ya dawo ya zauna. Da lokacin aiki ya ƙure ya tashi ya ce, "Sai gobe, Baba."

Gobe ma haka. Jibi ma haka. Masu kaya suka fara ƙorafi, wani ya koma wa wani direban. Abokansa suka ce ko an canza shi ne. Shi kansa bai san ko zaman yana da amfani ba. Wani lokaci yakan kalli tudun hannun a ƙarƙashin bargo, ya ji kamar yana ganin yatsa na uku yana naɗewa, ba kuma abin da zai iya.

Ana nan, wata rana yana zaune ya sunkuyar da kai, sai ya ji sauti.

"Ju..."

Bakinsa ya buɗe da kansa. Kalmar tana kan harshensa. Ya cije leɓe har ya ji ɗanɗanon jini.

"...ya... shi."

Ya juya akwatin. Ya juya shi fiye da kima, jan gefen ya kalli sama. Ya cire hannunsa ya ajiye a gwiwa.

Baba ya juyo daga bango. Ya ja numfashi, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wu... ta... mai... ƙarfi..." Ya tsaya. Yawu ya zubo ta gefen bakin, ya goge da hannun hagu. Umma tana bakin ƙofa, ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"...ba a... kai ta... gida... haka. Ana... sau... ke ta. Kaɗan... kaɗan. Gida... ƙa... rami... ne."

Ya kai ƙarshe. Ya tsaya yana haki, yana duban su ɗaya bayan ɗaya, kamar yana mamakin ba wanda ya tare shi.

"Na ji, Baba," in ji ɗan. "To ya zan daidaita shi?"

Baba ya buɗe baki, ya rufe. Bayanin ya fi ƙarfin harshen. Ya kalli akwatin da ke karkace, ya yi tsaki irin na mai sana'a da ya ga aikin banza. Sai bargon ya motsa.

Da hannun hagu ya ɗauko na daman ya ɗora a kan linzamin. Yatsu biyu a naɗe. Manunin ya yi ta rawa a sama, ya kasa sauka. Yanzu-Yanzu ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu.

Yatsan ya sauka. Akwatin ya juya, ja ya kalli tasha.

Ba a ranar aka gama ba. Babban akwati ya ci yininsa, matsakaici ya ci nasa. Baba ke dannawa, ɗan yana zaune, ba ya taɓa komai sai an ce masa, kuma sai an gama faɗa. Ranar da aka ja farar waya ta shiga gidansu, Baba ya ce a kira Umma.

A tsakiyar ramuka da toka, taga ɗaya ta yi haske. Kicin ne.

Umma ta share ido ta ce, "To Malam, an gode. Saura na bangon."

Baba ya nuna ɗansa da haɓa. "Zan... koya... masa." Sai ya dube shi, ɓarin bakin ya ɗaga. "Yan... zu... yanzu?"

"A'a, Baba. Sai ka gama."

Yatsun nan biyu ba su ƙara buɗewa ba. Likita ta yi iya yinta, sun riga sun ƙage. Da uku Baba yake riƙe cokali, da uku yake jan carbi. Layin ma bai koma yadda yake ba, gidan amininsa har yau fili ne, ya ce ba zai iya sake shi ba. Duk ranar da Yanzu-Yanzu ya zo gaishe shi ya riƙe hannun, sai ya ji yatsun biyu a dunƙule cikin tafinsa. Yakan zauna ne, mota a kashe, ya jira abin da Baba zai ce.

Darasi: 'Yan'uwa, ƙarfinmu da saurinmu da son taimakonmu, in muka sauke su gaba ɗaya a kan mai rauni, ƙona shi suke yi, ko da niyyarmu fara ce tas. Mara lafiya da tsoho da mai nauyin baki suna buƙatar mu rage gudu, mu tambaya kafin mu taɓa abinsu, mu bar su su kai ƙarshen maganarsu. Wata ɓarnar ana gyara ta, wata kuma sai dai a zauna da ita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu haƙurin zama da su. In akwai mai jinya a gidanku ko a cikin danginku, ku tura masa wannan ya karanta.